Turmin da Mama Hannatu Ta Sa wa Hannu

Ku ajiye wayoyin nan tukuna ku saurare ni. Jiya na ji ɗayanku, ba sai na kama suna ba, yana gaya wa abokinsa wai aikin duba yadi ba komai ba ne: ka shiga kasuwa, ka ɗauki hoto, ka tura wa mai kaya a Kano, ya ce e ko a'a, shi ke nan an gama. To madalla. In haka ne, me ya hana Alhajin da ke kasuwar Kwari ya ce wa ɗan Sin ya riƙa turo masa hoton, ya huta da ni da ku? Hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna ko kala za ta zuba, ba ya kuma gaya maka abin da aka cusa a cikin zare. Sunana Istifanus, amma in kuka tambayi Istifanus a unguwar Sanyuanli za ku sha yawo. Ku ce Baba Mai Laita. Na haura shekara ashirin a garin nan na Guangzhou ina ƙona zaren mutane, kuma da wannan aikin na aurar da 'ya'yana uku.

Kayan aikin duka ga su a jakar nan, ba su cika ta ba. Almakashi, tef na awo, ɗan sikeli, madubin ƙirga zare, farin ƙyalle da guntun sabulu na gwada kala, hantsaki, farantin tangaran, sai laita. Ka zare zare ɗaya, ka kama shi da hantsaki, ka matso da shi kusa da wuta a hankali. Auduga tana kamawa nan da nan, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Ulu yana warin babbakar kan rago. Wanda muke kira roba kuwa, tun kafin wuta ta taɓa shi yake noƙewa, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri da ba ya murjuwa. In an gauraya auduga da roba, za ka ga toka, a tsakiyarta kuma ka ji ƙwallon nan. Faɗarsa minti ɗaya ne. Kafin hancina ya iya rabe kashi nawa ne roba a ciki, na yi shekaru.

A Kwari na koya, wajen Alhaji Mudi, Allah ya ji ƙansa. Na zo masa daga ƙauyenmu wajen Malumfashi, ɗan Kirista, bai taɓa tambayata dalilin da ya sa ba na bin su masallaci ba, shi dai in iso shago kafin shi. Shekara biyu bai bar ni na taɓa ashana ba, sai dai ya ce in rufe ido, ya miƙo mini yadi, in faɗi mene ne. Wata rana aka kawo shadda bandir goma, ya ce in duba. Na shafa na ji ta da kauri tana ƙara, na ce mai kyau ce. Ya yanki yadi ɗaya, ya sa aka kawo bokiti, ya ce in wanke a nan ƙofar shago, layi guda suna kallo. Ruwan ya yi fari fat da sitati, shaddar ta koma kamar rariya, ana hango mutum ta cikinta. Wata guda 'yan layin suna kirana Mai Wanki. Dokokinsa biyu ne, su ne kuma nawa. Ta farko, abin da wuta ta faɗa shi za ka faɗa, ko wa zai ɓata wa rai. Ta biyu, samfurin da mai kaya ya sa wa hannu ba ya barin wurinka har abada, don ranar da gardama ta tashi shi ne shaidarka.

Aikin da ya koya mini Guangzhou na wani ɗan Maraɗi ne, Alhaji Sanda, wanda har yanzu muke ofis ɗaya da shi. Ya sayi farin yadi kwantena guda da sunan auduga zalla. Lawban, wato mai masaƙar, yana ta dariya yana zuba mana shayi, duk abin da na tambaya sai ya ce meyo, babu matsala. Shi da kansa ya zaro zare ya miƙo mini, na ƙona, toka tsaf. Har na fara ninke tef, sai na tuna shi ya zaɓo zaren. Na zaro na kwance da hannuna, ya narke ya ɗiga a faranti. Zaren tsaye auduga, na kwance roba. Lawban bai ji kunya ba, cewa ya yi ai ban ce masa duka ɓangarorin biyu nake nufi ba. Tun daga ranar, tsaye da kwance nake gwadawa, in kuma riga ce ɗinkakkiya har zaren ɗinkin ba na bari.

Masu kayana yawancinsu alhazai ne, na Kano, na Yamai, da 'yan zango na Gana. Amma akwai wani dattijon ikilisiya daga kudancin Kaduna, Baba Ayuba, wanda shi ke kawo wa matan zumunta na majami'un yankinsu atamfar da suke ɗaurawa iri ɗaya. Ku da ba Kirista ba, ku san cewa atamfar nan ba ta ado ba ce kawai. Da ita suke zuwa sujada, da ita suke girki a gidan biki da gidan makoki, kuma ranar da mace ta rasu, a cikinta ake sa ta a akwati.

Shekarar da za su canza zane, Baba Ayuba ya zo da matarsa, Mama Hannatu, don ita ce shugabar matan. Mace ce gajeruwa, ba ta da yawan magana, amma ta fi mijin sanin abin da take so. Na kai su masaƙa wajen Foshan, aka buga mana samfuri biyu na zane ɗaya, shuɗi mai hoton ƙananan fitilu. Ɗaya auduga zalla, ɗaya gauraye da roba. Ni da Baba muka zaɓi audugar, ta fi daraja, ta fi daɗin jiki. Mama ta ce a ba ta ruwa da sabulu. Ta wanke su duka biyu a banɗakin masaƙa, ta matse, ta shanya a bayan kujera, muka zauna muna jira lawban yana kallon agogo. Da suka bushe, audugar ta yamutse, ɗayar ta miƙe kamar an goge. Sai ta ce matanta da yawa ba su da dutsen guga, wasu zanen nan shi kaɗai ne na kirki a akwatinsu, ba ta son ranar Lahadi a gane mai hali da marar hali daga zane. Gaurayen za a buga. Na gaya mata a fili cewa akwai roba a ciki, ta ce ta ji. Na ba ta biro, ta rubuta sunanta a bakin turmin samfurin da manyan baƙaƙe a karkace, na ninke shi na sa a kabad ɗina. Shekara takwas ina aika musu da wannan atamfar.

Sai shekarar korona ta zo. Ba zan ja muku ita da tsawo ba, wasunku sun ji a bakin iyayensu. Masu gidaje suka riƙa fitar da baƙar fata, ni kaina na yi makonni a ɗakin ajiyar kayan wani ɗan Kumasi, ina kwana a kan dilar yadi. Filin jirgin Baiyun ya yi tsit, ba mai zuwa ba mai tafiya. Na yi wata bakwai ban kunna laita don aiki ba, har gas ɗinta ya tsiyaye. Masaƙar Foshan ɗin nan ta rufe, aka sayar da injinan, farantan buga zanen fitilu kuma ba wanda ya san inda suka shiga. A cikin shekarar ne ɗan Baba Ayuba ya turo mini saƙo cewa Mama ta rasu, an sa ta a shuɗin zanenta kamar yadda ake yi. Daga nan ban ƙara jin ɗuriyar Baba ba, na ɗauka tsufa ne ya zaunar da shi.

Bayan an buɗe hanya, wata Juma'a da rana, ina zaune ni kaɗai don Alhaji Sanda ya tafi masallacin Huaisheng salla, sai ga Baba Ayuba a ƙofa. Ya rame, ya bar gemu, yana sanye da farar riga doguwa har ƙasa. Na tashi na karɓi jakarsa, na yi masa gaisuwar Mama, na ce bari in aika a kawo mana tuwo da miyar tarwaɗa daga wajen wata mata 'yar Jos, don na san abincinsa ke nan. Ya ce ya daina cin tarwaɗa, ba ta da ɓawo.

A nan ya ba ni labari. Wani mai wa'azi ya shigo garinsu yana koyar da cewa Kirista ma wajibi ne ya kiyaye shari'ar da aka ba Yahudawa ta hannun Musa: hutun Asabar, barin alade da kifi marar ɓawo, da barin tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Hujjarsa ita ce Allah ba ya canzawa, abin da ya ƙi jiya bai fara so yau ba, kuma bangaskiyar da ba ta fito a hannu ba surutu ce. Baba ya ce abin da ya ja shi ke nan, domin ya gaji da ganin mutum ya cuci maƙwabcinsa ranar Asabar, ya zo Lahadi yana waƙar an cece shi ta wurin alheri. Tsohon fastonsu kuma ya tsaya a kan cewa shari'ar nan an ba wata al'umma ce domin wani lokaci, mu ba a ɗora mana ita ba, ceto kyauta ne da Almasihu ya saya a kan gicciye, aikin kirki 'ya'yan itace ne ba kuɗin shiga ba. Majami'a ta rabu biyu, har 'yan uwa ciki ɗaya ba sa zama benci ɗaya. Baba ya bi sabon.

Sai ya ce wata rana a taro wata mata ta tambayi mai wa'azin matsayin waɗanda aka binne a zanen zumunta, tunda ana cewa gauraye ne. Mutumin ya amsa cewa shi ba alƙali ba ne, amma wanda ya karya doka ɗaya ya karya duka, kuma a yadda mutum ya tafi haka zai tsaya. Mata suka riƙa ƙona zannuwansu a bayan gida. Baba ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba, don shi ya sayo zanen, shi ya raba shi, shi kuma ya miƙa wa matan da suka yi wa Mama wanka.

Ya zaro wani ƙyalle daga aljihu, guntun ɗankwalinta ne. Ya ce wasu sun gaya masa wataƙila rabon farko auduga ce zalla, daga baya aka fara gaurayawa, nata kuma na rabon farko ne. Ya manta ranar Foshan, ko kuwa ya so ya manta. Ya dubi taga ya ce in hanzarta, don in rana ta faɗi Asabar ta shiga, ba a kunna wuta.

"Istifanus, kai kaɗai na yarda da bakinka," in ji shi. "Ƙona mini."

To ga inda aikin yake, ku da kuke cewa hoto ne. Na san amsar tun kafin in taɓa ƙyallen. Na kuma san yadda ake yi: a zanen nan akwai zaren da audugarsa ta fi yawa, in ka zaro shi ka kashe wutar da wuri ka murje da ƙarfi, tsoho mai raunin ido ba zai ga komai ba sai toka. Da ya koma gida ya yi barci. Gaskiya na so in yi hakan, na ji tausayinsa ƙwarai. Amma ya tsallako duniya ne saboda bakina ba ya ƙarya a kan zare, in na yi masa ita ranar nan, to abin da ya zo nema ma babu shi. Na zaro tsaye, na zaro kwance, na ƙona a gabansa. Hayaƙin ya yi baƙi. Na kama yatsansa na ɗora a kan tokar don ya ji ƙwallon da kansa.

"Gauraye ne, Baba. Daga turmin farko har na ƙarshe. Kuma ta sani, ita ta zaɓa."

Na tuna masa da wankin da ta yi a banɗakin masaƙa, da maganar dutsen guga. Ya daɗe yana juya ƙwallon nan a tafin hannu. Can sai ya miƙo mini hannun rigarsa ya ce in gwada tasa, an sayar masa da ita a kan tsarkakakkiya ce. Na zaro daga cikin kalmasa, tsaye da kwance, duka suka ba da toka mai laushi, auduga ce ta gaske. Na ga ya ɗan saki kafaɗa. Da na tsaya a nan ma ba wanda zai ce na yi ƙarya, amma aiki bai ƙare ba. Na tsinko zaren ɗinkin, na matso da shi, ya noƙe ya narke. Telolinmu duka da zaren roba suke ɗinki, shi ke cike kasuwa, ba wanda ya taɓa tunanin ya duba.

Kada ku ɗauka na ji daɗi, ko na kama shi ne. Ban yi masa wa'azi ba. Na gaya masa abin da mai sana'a zai gaya wa mai kaya: wannan gyararre ne. Akwai zaren ɗinki na auduga zalla, na san inda ake sayar da shi, maɓalli ma akwai na itace, in yana so kafin jirginsa na Lahadi zan haɗa masa abin da ba mai wa'azin da zai samu zare ɗaya na roba a ciki. Ya tambaye ni ko da gaske ana iyawa, na ce ana iyawa.

"To ni an gyara ni ke nan," ya ce. "Ita fa?"

Ban ƙirƙiro masa amsa ba. Shi ne ya ci gaba da magana, kamar da kansa yake yi. Ya ce shekara arba'in da ɗaya ba a yi makoki a garinsu ba tare da tukunyarta ba, ta riƙe marayu huɗu, in da aiki ake shiga to ta riga kowa. Amma a asibiti, da matan zumunta suka zo suna lissafa mata alheran da ta yi don su ƙarfafa ta, sai ta ɗaga hannu ta ce su bari, ita ba ta da abin da za ta nuna a can, wanda ya mutu dominta shi ta riƙe. Ya ce a lokacin ya ɗauka tawali'u ne kawai irin nata.

Alhaji Sanda ya dawo daga masallaci, ya leƙo, ya ga fuskokinmu, ya gaida Baba ya ja ƙofa ya koma. Baba ya share ido da bakin farar rigar, ya ce in bar maganar zaren auduga. Abin da yake so shi ne yadi shida na shuɗin nan mai fitilu, irin nata sak, a ɗinka masa riga a ajiye.

"In zare ne ke hana shiga, a tsayar da mu tare a ƙofa, don ni na sayo. In kuma abin da ta riƙe ne ke shigarwa, to ba za a tambaye mu yadi ba."

Na gaya masa masaƙar ta rufe, farantan sun ɓace, a gida kuma shi da bakinsa ya ce an ƙone. Ya ce in bincika. Ranar Asabar yana ɗakinsa na masauki yana hutunsa, ni kuma na bi rumfunan ragowar kaya ɗaya bayan ɗaya da guntun ɗankwalin a hannu. Ko'ina sai a ce meyo, wato babu. Wani ya nuna mini shuɗi mai taurari ya ce ai duk ɗaya ne, na ce masa sheshe, wato na gode, na wuce. Da yamma na dawo ofis ƙafata ta kumbura, na buɗe kabad, na san abin da ke ciki tun safe, ina dai kewaye-kewaye ne.

Turmin yana nan yadda na ninke shi, yadi shida cif. Na shimfiɗa shi a tebur na duba shi kamar kwantena zan sallama, na auna, na ɗaga shi a haske ko asu ya taɓa, na goga farin ƙyalle ko kala ta fara saki. Lafiya lau. Ranar Lahadi na raka Baba Baiyun, a wajen awon kaya na miƙa masa. Ya buɗe gefe ɗaya, ya ga biron, manyan baƙaƙen nan a karkace. Bai san ta sa hannu ba, lokacin yana waje da lawban. Ya tsaya yana bin rubutun da yatsa har na bayansa suka fara tsaki. Ya ƙi sa shi a akwati, ya rungume shi ya shiga da shi a hannu.

Wannan ne karo ɗaya tak da na karya dokar Alhaji Mudi ta biyu, kuma na karya ta ne don na riƙe ta farko. Ko Baba ya koma wa tsohon fasto, ko ya ci gaba da hutun Asabar ɗinsa, ban sani ba, ban tambaya ba. Bara ɗansa ya kira ni ya ce Baba ya cika. Ya ce an sa shi a shuɗiyar riga mai fitilu, kuma tun yana da rai ya ja wa tela kunne kada almakashi ya taɓa bakin yadin, a bar rubutun ta ciki, daidai ƙirji.

Wancan gurbin da kuke gani a kabad, tsakanin leshin 'yan Yamai da shaddar Kwari, wurinsa ne, kada wanda ya cusa mini komai a ciki. Yanzu kai mai maganar hoto, matso. Ga hantsaki, ga laita, ga yadi. Tsaye da kwance, ka faɗa mini abin da ka gani.